Mene ne kubik mita, kuma yaya zan tabbatar da kuɗin ruwa da tifar yashi?

Tambaya daga wata Hajiya a unguwar Aboabo, Kumasi: "Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da gidan haya, mu 24 ne a ciki har da yara, kuma mitar ruwa ɗaya ce ta haɗa mu. Takardar kuɗin ruwa ta wannan wata ta zo da lamba 42, ɗana ya ce kubik mita ke nan. Ga shi kuma ina shirin zuba dakin, wato rufin kankare, a sabon ginina, direban tifa ya ce yashin da zai kawo kubik 18 ne. Shin kubik ɗin ruwa da na yashi abu ɗaya ne? Mene ne yawansa, kuma ta yaya zan san an ba ni abin da na biya?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa a kammala ginin cikin sauƙi. E, kubik ɗin ruwa da na yashi abu ɗaya ne, domin kubik mita awo ne na wurin da abu ya cika, ba ruwansa da ko abin ruwa ne, ko yashi, ko katako, ko ma iska. A ce kafinta ya haɗa miki akwati wanda daga ciki tsawonsa mita ɗaya ne, faɗinsa mita ɗaya, zurfinsa ma mita ɗaya, to duk abin da ya cika wannan akwati daidai baki, ba tare da an yi masa tozo ba, shi ne kubik mita ɗaya. Mita kuwa ta ɗara yadin masu atamfa kaɗan, gama yadi santimita 91 ne da 'yar ɗoriya, ita kuma mita santimita 100 ce cif. A takarda ana rubuta shi da harafin m da ƙaramar lamba 3 a samansa, wato m³, kuma wannan 3 ɗin tana nuni ne da ɓangarori ukun nan da aka auna.

Idan ruwa aka zuba a akwatin, zai ci lita 1,000 daidai, babu ragi babu ƙari. Da galan mai ruwan ɗorawa da ake kira galan Kufuor, idan mai lita 25 ne, sai an juye 40 kafin akwatin ya cika, idan kuma mai lita 20 ne sai an juye 50. Da duro mai lita 200, biyar ke nan. Ledar fiya wata rabin lita ce, saboda haka leda 2,000 ne kubik ɗaya, wato jaka 66 da ɗoriya idan kowace jaka tana da 30. Waɗannan lambobi sun cancanci a riƙe su a ka, musamman 1,000 ɗin nan, domin duk sauran lissafin a kanta yake tsaye.

Inda ruwa da yashi suka sha bamban shi ne nauyi. Kubik ɗaya na ruwa kilo 1,000 ne, wato tan ɗaya, amma kubik ɗaya na busasshen yashi yakan kai kilo 1,500 zuwa 1,700, na kankare da ya bushe kimanin kilo 2,400, na fetur bai kai kilo 800 ba, na iskar da muke shaƙa kuwa kilo ɗaya ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Wuri ɗaya suka cika, nauyinsu ne daban. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda zakkar fid-da-kai da mudu ake fitar da ita, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum, kuma kowa ya san mudun shinkafa da mudun masara ba za su yi nauyi ɗaya a kan sikeli ba ko da yake mudun bai canja ba.

Akwai wani wuri da hankalin mutum ke yaudararsa, kuma a nan ne mafi yawan asara ke shigowa. Idan aka ce a haɗa akwati mai rabin mita ta kowane ɓangare, yawancin mutane za su ce rabin kubik ne, alhali kuwa kashi ɗaya ne cikin takwas, lita 125 kacal, saboda an rage tsawo rabi, an rage faɗi rabi, an kuma rage zurfi rabi, ragin ya ninku sau uku. Haka idan aka ruɓanya kowane ɓangare ya zama mita biyu, kubik takwas za a samu, ba biyu ba. Dalilin ke nan da ya sa, ko da yake santimita 100 ce mita ɗaya, sai an tara kubik santimita 1,000,000 kafin a sami kubik mita ɗaya, wato 100 sau 100 sau 100. Abin da wannan ke nufi ga mai saye shi ne, ɗan ragi kaɗan da ido ba zai kula da shi ba a gefe ɗaya yana iya zama kaya mai yawa idan aka lissafa, kuma ido ba ya iya ƙiyasta wannan, sai tef.

Abin da ya sa nake ba da ƙarfi ga wannan awo shi ne ba ya canjawa daga hannu zuwa hannu. Olonkar da ake auna gari da ita a kasuwar Kejetia ba lallai ta yi daidai da ta kasuwar Asawase ba, wata an buge gindinta, wata kuma tozon da mai awo zai yi mata ya danganta da sanayyar da ke tsakaninku. Mita kuwa an yi ta ne musamman don a kashe irin wannan gardama. A shekarar 1791 masana a Faransa suka tsayar da cewa tsawonta zai zama kashi ɗaya cikin miliyan 10 na nisan da ke tsakanin ƙurewar arewacin duniya da layin da ya raba duniya biyu, idan aka bi ta kan birnin Faris, sannan dokar da aka yi a can a 1795 ta fitar da lita daga jikin mitar. A ranar 20 ga Mayu, 1875, ƙasashe 17 suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar mita, kuma tun daga 1960 ba a dogara da wani sandan ƙarfe da aka adana ba, daga 1983 kuma an ɗaure mita ne da saurin haske: ita ce nisan da haske ke ci a sararin da babu iska cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa. A nan Ghana, dokar ma'aunai ta 1975 ce ta mayar da ƙasar kan wannan tsari a hukumance, kuma hukumar kula da ingancin kaya, Ghana Standards Authority, ita ke duba sikeli da famfon gidajen mai. Sai dai ƙafa da inci da galan da Turawan Ingila suka bar mana ba su tafi ko'ina ba, har yau magini da ƙafa yake magana, mai tankar ruwa da galan, takardar gwamnati kuma da mita, kuma a tsakanin waɗannan harsuna uku ne kuɗin mai gida ke zurarewa.

Mu koma kan takardar ruwan. Lamba 42 tana nufin lita 42,000 suka bi ta mitarki a watan, wato galan mai lita 25 guda 1,680, ko kuma galan 56 a kowace rana idan watan kwana 30 ne. Idan aka raba wa mutum 24, kowa ya sami kimanin lita 58 a rana, galan biyu da ɗan ƙari, kuma a cikin wannan akwai wanka, da wanki, da girki, da wanke-wanke, da alwala sau biyar, da ruwan da ake kora bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa mutum yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana don biyan buƙatunsa na yau da kullum, saboda haka a ganina 42 ba ta yi yawa ba ga gida irin naki, tana ma kusa da ƙasan awon. Da a ce ku takwas ne a gidan aka kawo wannan lamba, da na ce a fara neman inda ruwa ke tsiyaya.

Duk da haka bai kamata a karɓi lamba a makance ba, tunda mitar tana ƙofar gidanki kuma karanta ta ba ya buƙatar karatun boko mai zurfi. Idan aka ɗaga murfin, a yawancin mitoci za a ga lambobi baƙaƙe a jere, sannan jajaye a ƙarshensu ko wasu ƙananan allurai ja masu juyawa. Baƙaƙen su ne cikakkun kubik, su ne kuma ake lissafa kuɗi da su, jajayen kuwa gutsuren kubik ne, wato litocin da ba su kai 1,000 ba tukuna. Mitar ba ta komawa sifiri a ƙarshen wata, tarawa take yi tun ranar da aka sa ta, don haka abin da aka sha a wata shi ne bambancin da ke tsakanin karatu biyu. Misali, idan a watan jiya ta nuna 1358, a wannan watan kuma 1400, an sha 42. Takardar tana ɗauke da karatun baya da na yanzu, sai ɗanki ya gwada na yanzun da abin da ke fuskar mitar. Idan lambar takarda ta wuce ta mitar, alama ce an yi ƙiyasi ba a zo an karanta ba, ko kuma an yi kuskuren rubutu, kuma hoton mitar da aka ɗauka da waya a ranar ya isa hujja a ofishin kamfanin ruwa na yankinku. Ina ba da shawarar a ware littafi ɗaya a riƙa rubuta karatun a ranar ɗaya ga kowane wata, domin wata uku na irin wannan rubutu ya fi duk wata gardama da baki.

Gwaji biyu ne ke nuna gaskiyar mita. Na farko na yoyo ne: bayan isha, idan kowa ya gama da famfo, a rufe duk kawunan famfo da bakin da ke zuba wa tanki, a rubuta lambar har da jajayen, sannan a sake dubawa da asuba kafin a fara alwala. Idan ta motsa alhali babu wanda ya taɓa ruwa, akwai bututun da ya fashe a ƙasa ko kuma tankin bayan gida yana zurara. Kada a raina ɗan tsiyaya. Famfon da ke cika gwangwanin lita ɗaya cikin minti 10 yana zubar da lita 6 a awa, 144 a yini da kwana, lita 4,320 a wata, wato fiye da kubik huɗu da ba wanda ya amfana da su. Gwaji na biyu na mitar ce kanta: a rufe ko'ina sai famfo ɗaya, a tari lita 100 da mazubin da aka tabbatar da awonsa, a ga ko jajayen lambobin sun ƙaru da lita 100. A kula cewa galan idan aka cika shi har wuya yakan ɗara abin da aka rubuta a jikinsa, saboda haka bambancin lita biyu ko uku ba abin kai ƙara ba ne.

Akwai wani abu game da farashi da ya shafi gidajen haya na zango musamman. Hukumar PURC mai tsayar da farashin ruwa da wutar lantarki, wadda aka kafa a 1997, ita ke yanka kuɗin kowane kubik, kuma a tsarinta na gidajen zama kubik biyar na farko a wata suna da rahusa, abin da ya haura haka kuma farashinsa ya fi tsada. An yi haka ne don a sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi, amma rahusar a kan mita take, ba a kan yawan mutane ba. Gidan mutum uku mai mitarsa zai iya ƙare wata yawancin ruwansa a farashin rahusa, ku kuwa da kuke 24 a kan mita ɗaya biyar ɗin nan dai kuka samu, sauran 37 duk a farashin sama. A nawa ra'ayin wannan tsari bai yi wa gidan taro adalci ba, kuma inda tsarin bututun gida ya ba da dama, neman mita ta biyu yana da amfani ko don rage rigima. Wajen rabon kuɗi kuwa, rabo bisa yawan kawuna ya fi rabo bisa ɗaki, sannan duk wadda ke sana'a da ruwan gidan, kamar mai koko ko mai dafa wake da shinkafa na sayarwa, a ƙirga galan nawa take ɗiba a rana. Idan shida ne, lita 150 ke nan, kubik huɗu da rabi a wata, sai a cire mata wannan daban kafin a raba saura.

Sai batun tifa, wanda a nan ne kuɗi mai kauri yake. Kubik 18 da direba ya faɗa suna ne da ake kiran motar da shi, ba shaida ba ce cewa abin da ke cikinta ya kai haka. Hanyar sani ɗaya ce, a auna bodin motar daga ciki, tsawo da faɗi da zurfi, da mita, a ninka su. A ce an sami tsawo mita 5.2, faɗi 2.3, zurfi 1.3. Idan aka ninka 5.2 da 2.3 za a sami 11.96, a sake ninkawa da 1.3 a sami 15.5 da ɗan kai. Wato wannan mota ko an cika ta daidai baki ba ta kai 16 ba, sai an yi mata tozo ko an ƙara katako a gefe kafin ta doshi 18. Idan kuma yashin ya tsaya santimita 10 ƙasa da baki, wanda daga ƙasa ba ma za a hango ba, an rasa kusan kubik 1.2, fiye da duro biyar na yashi a tafiya ɗaya. A ginin da zai ci tifa goma, wannan ragi ya kusa zama tifa guda.

Saboda haka ki sa maginin ko ɗanki ya hau motar kafin a juye, ya baje tozon da shebur gwargwadon hali, ya soka rodi har ya taɓa ƙasan bodi a wuri uku ko huɗu, gaba da tsakiya da baya, a ɗauki matsakaicin zurfin a yi lissafi da shi. Da zarar an juye yashi a ƙasa ya zama tsibi, awonsa ya yi wuya, gardama kuma ta zama ta mai baki. Ba ina cewa kowane direba macuci ba ne. Da yawansu ba su taɓa sa wa motarsu tef ba, abin da suka ji ana faɗa suke maimaitawa, sannan yashi yakan kwanta a hanya saboda girgiza, motar da ta taso a cike daga ramin yashi tana iya isowa Aboabo ta ɗan sauka. Shi ya sa ya fi kyau a yi ciniki tun farko a kan abin da za a auna a bakin gini, kuma a faɗa masa haka kafin ya ɗora kaya.

Idan tef ɗin magini na ƙafa ne, babu laifi, a ninka ukun da ƙafa sannan a raba abin da aka samu da 35.3, domin kubik ƙafa 35.3 ne ke yin kubik mita ɗaya. Bodi mai ƙafa 17 da 7.5 da 4 zai ba da 510, wanda idan aka raba ya zama kubik mita 14.4. Kuskuren da na fi gani a wurin aiki shi ne a raba da 3.28, wato adadin ƙafa a mita ɗaya, sai a sami lambar da ta ninka gaskiya fiye da sau goma. Wani kuskuren shi ne a haɗa awo biyu a lissafi ɗaya, tsawo da mita, zurfi da inci. Kafin a ninka komai, a mayar da ukun harshe ɗaya.

Danshi ma yana da nasa tasiri. Yashi mai ɗan laima yakan kumbura, saboda ruwan da ya lulluɓe ƙwayoyinsa yana hana su matsuwa, har yakan ƙara kashi 20 cikin 100 ko fiye a kan yadda yake idan ya bushe, kuma mai laushi ya fi mai tsakuwa kumbura. Wanda ya sayi yashi da damina zai ga tsibin ya ragu bayan 'yan kwanaki na rana ba tare da kowa ya ɗiba ba, a yi ta zargin maƙwabta a banza. Haka kuma idan ana kwaɓa kankare da irin wannan yashi ana auna shi da kwanon sarki, ainihin yashin da ke shiga bai kai yadda ake zato ba, sai magini mai lura ya ɗan ƙara.

Tunda dakin za ki zuba, ga yadda ake lissafinsa. Ba ki faɗi girman ginin ba, don haka mu ɗauka tsawonsa mita 10 ne, faɗi 8, kaurin kankaren kuma inci shida, wato kimanin santimita 15, wanda a lissafi ake rubutawa 0.15. Goma sau takwas 80, wannan shi ne faɗin filin, murabba'in mita, kuma da shi kafinta ke lissafin katakon da zai shimfiɗa. Sai an ninka 80 da 0.15 ake samun kubik, wato 12. To amma kubik 12 na kayan haɗi ba zai ba da kubik 12 na kankare ba, domin yashi yana shigewa cikin ramukan da ke tsakanin tsakuwa, siminti kuma yana shigewa tsakanin yashi, sai kwaɓin ya tsuke. Masu lissafin gini sukan ninka da 1.54 don cike wannan giɓi, abin da zai ba mu kusan kubik 18 da rabi na busassun kaya. Idan haɗin ɗaya-biyu-huɗu ne, wato siminti kashi ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, za a buƙaci yashi kimanin kubik 5.3, tsakuwa kimanin 10.6, da siminti buhu 76 ko kusa da haka, tunda buhu mai kilo 50 bai wuce lita 35 ba. Wannan bai haɗa da bim da ginshiƙai da matakala ba, kuma injiniyan da ya zana ginin shi ke da hurumin faɗin haɗin da ya dace da yawan rodi, ba magini ba, ba kuma ni da ban ga zanen ba.

Abu biyu za ki ɗauka daga wannan lissafi. Na ɗaya, ga dakin mai wannan girma tsakuwa ce ta fi yawa, yashin da ke tifa ɗaya zai ishe shi har ya yi saura mai yawa don bulo da shafe, saboda haka idan aka ce miki sai tifa biyu na yashi don dakin kaɗai, ki nemi a nuna miki a takarda. Na biyu, kauri ne ke cin kuɗi a ɓoye. Idan kafinta bai daidaita katako ba har kaurin ya ƙaru da santimita biyu kacal, 80 sau 0.02 ya zama kubik 1.6, wato siminti kusan buhu 10 da kuma nauyin da ya kusa tan huɗu da aka ɗora wa ginshiƙai ba da shiri ba. Rage kaurin don tsimi kuwa ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba.

Idan kina cikin masu sayo kaya daga ƙasar Sin ta tashar jiragen ruwa ta Tema, CBM ɗin da wakilai ke cajin kuɗi da shi wannan kubik mitar ne dai. Kwali mai santimita 60 da 40 da 50 shi ne 0.6 sau 0.4 sau 0.5, wato 0.12, guda 25 su ne kubik uku. Kwantena mai ƙafa 20 tana da ciki na kimanin kubik 33, mai ƙafa 40 kimanin 67, ko da yake ba a taɓa cika su ƙwal saboda kwalaye ba sa zama ba tare da barin rata ba.

Saura tanki, wanda na san ba za ki rasa sa shi a sabon ginin ba, tunda ruwan madatsun Barekese da Owabi ba kullum yake isowa kowane layi da ƙarfi ba. Tanki mai zagaye lissafinsa ya ɗan bambanta: a auna faɗinsa, a raba biyu, a ninka rabin da kansa, a ninka da 3.14, sannan a ninka da tsayi. Mai faɗin mita 1.8 da tsayin mita biyu, rabin faɗinsa 0.9 ne, 0.9 sau 0.9 ya ba da 0.81, sau 3.14 ya zama 2.54, sau biyu kuma kubik biyar da ɗan kai, wato lita 5,000. A nan ne maganar nauyi da na yi a baya ta zama ta rai da mutuwa, domin wannan tanki idan ya cika tan biyar ne, daidai da buhun siminti 100 da aka jibge a wurin da bai kai faɗin tabarma biyu ba. Ba a ɗora irin wannan a tsakiyar dakin don kawai wurin ya fi sauƙin hawa. Ki gaya wa injiniyan girman tankin tun kafin a ɗaura rodi, ya sa shi a kan bim da ginshiƙai, ko ya zana masa hasumiyarsa daban.

Wannan lissafi zai kuma yi miki amfani ranar da famfo ya ɗauke kika kira tankar ruwa. A tanki mai faɗin mita 1.8, kowace santimita 10 ta tsayi lita 254 ce, saboda haka a auna inda ruwan yake kafin a zuba da kuma bayan an zuba, a san abin da ya shiga. Idan mai tanka ya ce galan 1,000 ya kawo, a tambaye shi wane galan, gama na Ingila lita 4.55 ne, na Amurka kuma 3.79. Galan 1,000 na Ingila kubik huɗu da rabi ne da ɗan kai, zai ɗaga ruwan tankin da kusan mita 1.8, na Amurka kuwa bai kai kubik huɗu ba, mita ɗaya da rabi kawai zai ɗaga shi, kuma bambancin da ke tsakani lita 760 ne, wato galan Kufuor 30. Ki sa a sami sanda miƙaƙƙe mai tsabta, a yi masa zane da fenti a kowace santimita 10, a ajiye shi kusa da tankin, a riƙa tsoma shi a gaban mai tanka kafin ya kunna injinsa da bayan ya kashe.